Talabijin ya koma cikin waya, amma wa ke biyan kuɗin tallan da muke kallo?

Mai_Shadda_Kwari
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Yanzu kusan duk abin da muka saba gani a akwatin talabijin ya dawo cikin waya: labarai, tafsiri, ƙwallo, finafinai masu dogon zango, har da shirin girki. To amma ban taɓa ganin talla ya yi yawa irin na yanzu ba. Ka buɗe shiri a YouTube, talla biyu kafin a fara, wani a tsakiya, sannan su kansu masu shirin su tsayar da labari su yi maka tallan fili ko maganin basir. Da can in an sako talla a talabijin ba kuɗinka ake ci ba. Yanzu kuwa datar da ka saya da guminka ita ke ɗauko maka tallan.

Tambayata biyu ce. Shin ci gaba muka samu, ko wayo aka yi mana muka koma biya wa wasu kuɗin talla? Sannan ni ɗan kasuwa ne, in zan kashe kuɗi a talla yau, gidan rediyo da talabijin zan kai ko waya? Masana a taimaka.

Uwargida_Zariya
Wa alaikumus salam. Wallahi Alhaji ka sosa mini inda yake ƙaiƙayi. Talabijin ɗinmu na falo ya zama kayan ado, sai dai a goge masa ƙura. Yaushe aka kawo wutar ma balle a kunna shi? Waya kuwa ko gidan maƙwabta masu sola sai a aika yaro ya yi caji. Amma tallan nan ya ishe ni, musamman wanda ba ya tsallakuwa.

Injiniya_Sadik
Bari in warware wani abu tukuna. Talabijin a waya iri biyu ne, kuma na farkon ya riga ya mutu. Waɗanda suka riƙe wayoyin chana masu eriyar nan da ake zarowa za su tuna, kana kama NTA ko tashar jiharku kai tsaye daga iska, ba kati ba data. DStv ma sun taɓa kawo nasu da wasu 'yan na'urori, Drifta da Walka, su ma daga iska suke kamawa. A wannan tsarin tasha sau ɗaya take watsa shiri daga dogon ƙarfenta, mutum goma ne ke kallo ko miliyan, abin da ta kashe ɗaya ne. Kamar sanƙira ne ya tsaya a dandali ya yi shela, mai kunne ya ji.

Wanda muke ciki yanzu ta intanet yake bi. Kowane mai kallo sai an aiko masa da nasa hoton shi kaɗai, tun daga rumbun kamfanin har cikin wayarsa, kuma kuɗin wannan dakon shi ne datar da kake saye. Kamfanin layi ba ruwansa da abin da ya ɗauko, fim ne ko talla ne, awo ɗaya yake yi musu. Don haka Alhaji, e, kai ke biyan dakon tallan. Abin da ka samu a madadinsa shi ne ka kalli abin da ka ga dama a lokacin da ka ga dama, ka tsayar ka je sallah, ka dawo ka ci gaba.

Tsohon_Maaikaci_KD
Yarana, ni ban yarda cewa da can kyauta muke kallon talla ba. Kamfanin sabulu ko na madara da ya biya gidan talabijin, a ina yake fanshewa in ba a kan farashin sabulun da matata ke saye ba? Biya muke yi, ba mu dai gani ne.

Kuma kada ku riƙa yi wa zamanin da kwalliya. Mu a Kaduna tun 1962 akwai talabijin, amma gida nawa ke da akwatin? A layinmu yara a taga suke leƙe. Ba a buɗe tasha sai da yamma, dare ya yi a sa taken ƙasa a rufe. Da gwamnatin soja ta haɗe tashoshi ta kafa NTA a 1977, abin da aka ga dama shi za ka gani, in ba ka so ka je ka kwanta. Yau ɗan acaɓa yana jiran fasinja yana kallon labaran duniya a tafin hannunsa. In wannan ba ci gaba ba ne ban san sunansa ba.

Dan_Boko_BUK
Baba ya faɗi gaskiya. Ni dai abin da ke ba ni haushi haɗamar masu fim ce. Na ji an ce duk kallo dubu akwai dalar da YouTube ke ba su, ga shi suna tara miliyoyin masu kallo. To me ya sa kuma sai sun cusa mana nasu tallan a tsakiyar labari?

Edita_Zoo_Road
@Dan_Boko_BUK ɗan'uwa ba haka lissafin yake ba. A harkar nake, haɗa hoto ne aikina, bari in ba ka abin da na sani.

Ka fara tuna inda aka fito. Da kaset, daga baya faifan CD, su ke riƙe da Kannywood. A kai fim Ƙofar Wambai, 'yan kasuwa su saya, furodusa ya mayar da kuɗinsa har ya fara wani. Da wayoyi masu memori suka cika gari sai kasuwar faifai ta rushe, mutane da yawa suka bar sana'ar. Arewa24 ta zo a 2014 ta nuna cewa jama'a za su iya bin shiri mako bayan mako, daga nan hankalin kowa ya koma kan dogon zango, yawanci a YouTube tunda can ba sai ka roƙi wani ya ba ka fili ba.

Shi YouTube ba ya raba kuɗin talla da kai sai tasharka ta kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. In ka shiga, kashi 55 cikin ɗari naka, 45 nasu, kuma ba a turo maka sai ya taru ya kai dala 100. Amma babu wani tsayayyen farashin kallo dubu. Gwanjo ake yi. Duk sanda ka danna bidiyo, masu talla ne ke takara a kanka cikin ƙiftawar ido, kuma abin da za su taya ya danganta da ƙasar da kake da abin da suke ganin aljihunka zai iya. Mai kallo daga Amurka ko Ingila ko Saudiyya ya fi mai kallo daga Kano ko Katsina tsada nesa ba kusa ba. Wani kallon ma ba a sako talla a cikinsa gaba ɗaya, wannan ko kwabo babu. Sai ka ga shiri ya tara jama'a ana ta yayinsa a gari, amma abin da ya shigo bai biya 'yan wasa da hayar gidan da aka yi ɗauka da man janareta ba.

Shi ya sa muke bin masu ɗaukar nauyi: mai sayar da filaye, mai turare, mai makaranta, mai magani. Su suke ba da kuɗi a hannu kafin a kunna kyamara. In ka cire su, rabin shirye-shiryen da kuke jira duk mako sun tsaya. Ni ma ba na jin daɗin yanke labari a daidai inda ya ɗau zafi in liƙa talla, amma mai kuɗin nan wurin yake so.

Mai_Tura_Fim_09
Na san za a zo kanmu, an ce mu muka kashe faifai. To ku ji. Mutumin da ke zuwa shagona da memori ba shi da kuɗin datar kallon awa guda a YouTube, wani ma garinsu sabis sai an hau tudu. Ni na sauke sau ɗaya, na tura wa mutane da yawa a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Kuma ga abin da ba ku lura da shi ba: tallan YouTube ba ya biyo fim in an sauke shi, amma wanda Edita ya ɗinka a jikin fim yana nan daram. Daga wayar wannan a tura wa wancan ta Xender, har rugar da ba ta taɓa ganin intanet ba. Mu ke kai tallan ƙauye, ba wanda ya taɓa ce mana sannu.

Edita_Zoo_Road
Wannan gaskiya ne, kuma masu ɗaukar nauyi sun san da haka, shi ya sa suka fi son na cikin fim. Amma duk kallon da aka yi ta memori ba ya shiga lissafin tasharmu. Kai ka ci, mai talla ya ci, mai fim ya tashi da hamma.

Dan_Maradi_227
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Mu ma nan Maraɗi zancen guda ne. Télé Sahel da Dounia da Ténéré suna nan, masu hali suna da Canal+, amma matasa salula ita ce telensu. Lokacin da Najeriya ta yanke muna kuran, wato wutar lantarki, bayan juyin mulkin 2023, har dattawan da ba su yarda da kallo a salula ba sun koya.

Abin da ke ban dariya, fim ɗin Kano muke kallo, tallan da ke ciki shago ne na Kano, lamba ta Najeriya, farashi da naira. Wanda YouTube ke sako muna kuwa sau da yawa da Faransanci yake zuwa. Tsohuwata ba ta jin Faransanci, ba ta kuma san lissafin naira ba, amma megar da na sa mata tana tafiya a kan duka biyun. Sai dai kada Alhaji mai shadda ya raina wanga kasuwa. Akwai matan da ke ganin kaya cikin fim su yi kira, a ɗoro musu a mota ta Jibiya.

Bakon_Jidda
Ashe mu ne masu tsadar 😂 To Edita a riƙa gaishe mu a ƙarshen shiri. Mu nan ba mu da wata tashar Hausa sai waya, in an tashi daga aiki ita ce hira.

Maman_Ilham
Ni yawan tallan bai dame ni ba kamar irin tallan. Ka ba yaro waya ya kalli zane mai motsi, sai ga tallan caca. Kana kallon shiri da surukarka, sai ga wata ta fito tana bayanin kayan mata da kalmomin da ko a ɗaki ba a faɗa. Ga masu maganin da ke warkar da ciwon suga da hawan jini da rashin haihuwa duk a kwalba ɗaya. Ga manhajojin ba da bashi. A talabijin ɗin da ai ba za a taɓa sa irin wannan ba. Wai ina hukumar NBC ne?

Lauyan_Talakawa
Hajiya, NBC gidajen rediyo da talabijin take ba lasisi take kuma sa wa ido. Talla kuwa hukumarsa ARCON ce, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin APCON, kuma dokar ta haɗa har da tallan intanet. A ƙa'ida kowane talla sai an kai an tantance kafin a sake shi. A shekarar 2022 ɗin ma hukumar ta kai Meta, masu Facebook da Instagram, ƙara kotu tana neman naira biliyan 30 a kan tallace-tallacen da ba a tantance ba.

Na magani kuma akwai NAFDAC. Mutane ba su sani ba, lambar NAFDAC da ke jikin kwalba daban, izinin yin tallan maganin daban. Mai magani ya ɗaga kwalba ya nuna lamba ba ya nufin an yarda da duk abin da bakinsa ke faɗa.

A Kano kuma ga Hukumar Tace Finafinai, wadda a watan Mayun 2025 ta dakatar da shirye-shirye 22 masu dogon zango saboda ba a kai mata ta duba ba kafin a sake su. Dokoki dai ga su nan. Matsalar ita ce gidan talabijin yana da adireshi da lasisin da za a iya ƙwacewa, amma mai talla a TikTok yana cikin ɗakinsa, in an rufe shafi ɗaya gobe ya buɗe wani.

Af, masu fama da saƙonnin talla na tes, ku tura STOP zuwa 2442. Tsarin hukumar sadarwa ta NCC ne tun 2016, kyauta ne, kowane layi.

Uwargida_Zariya
Allah Ya saka da alheri Barista, yanzu na tura. Amma wannan ba zai hana na YouTube ba ko?

Lauyan_Talakawa
A'a Hajiya, na tes kawai. Na YouTube sai dai ki biya kuɗin wata na Premium, shi ne ba talla. Shi ma ba zai cire wanda su Edita suka ɗinka ba.

Zee_Kayan_Kicin
Ni fa na yi imani wayoyin nan suna sauraronmu. Muna hira da ƙawata a kan injin markaɗe, ban rubuta komai ba, da daddare na buɗe Facebook sai ga tallansa.

Injiniya_Sadik
Anti Zee, ba sai sun saurare ki ba, abin da suke da shi ya ishe su. Sun san unguwar da kike kwana, sun san shekarunki, sun san shafukan da kike bi, sun san bidiyon da kika tsaya a kai da wanda kika wuce da sauri. Sunanki ma a nan ya nuna kayan kicin kike sayarwa. In ƙawarki ta bincika injin a wayarta, kuma manhajar ta san kuna tare, ba abin mamaki ba ne a nuna miki. Wannan shi ne babban bambancin tallan waya da na talabijin. A talabijin kowa talla ɗaya yake gani, a waya kowa da nasa. Kuma bayanan nan ba ƙaramin abu ba ne, a kansu ne hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta ci tarar Meta dala miliyan 220 a watan Yulin 2024.

Zee_Kayan_Kicin
Injiniya ka yi bayani, amma ni dai ban sauka daga kan bakana ba.

Malam_Na_Islamiyya
Ina da ƙorafi a nan. Lokacin azumi mutum yana sauraron tafsiri a YouTube, ana tsakiyar aya sai kiɗa ya ɓarke, tallan lemo ko na wasan waya. Na yi wa wasu ɗalibai masu ɗora karatu magana, suka rantse ba su kunna talla ba kuma ba sa karɓar komai. Yaya abin yake?

Edita_Zoo_Road
Allah Ya gafarta Malam, mai yiwuwa gaskiya suka faɗa. Tun 2020 YouTube ya sauya sharuɗɗansa, yana iya sa talla ko a tashar da ba ta shiga tsarin rabon kuɗi ba, kuma ba zai ba mai tashar komai ba. Wanda ya shiga tsarin shi ne ma yake da ikon hana tallan tsakiya, ya kuma toshe wasu nau'o'i kamar na caca.

Mai_Shadda_Kwari
Na ƙaru ƙwarai, Allah Ya biya kowa. Amma tambayata ta biyu tana nan ba a taɓa ta ba. Ina zan kai kuɗina?

Zee_Kayan_Kicin
Alhaji ni ban taɓa taka gidan rediyo ba, duk cinikina a waya yake. Abin da na gani, biyan Facebook ko Instagram su tura talla yana kawo mutane, kuma kai za ka zaɓi gari da shekaru da jinsi, ka sa iya kuɗin da za ka iya, in bai yi ba gobe ka tsayar. Amma yawancin masu zuwa 'yan "nawa ne" ne, ka faɗa su ɓace. Masu saye na gaske daga status ɗin WhatsApp suke fitowa, waɗanda suka riga suka san ni ko wata ta ba su lambata. Don haka ni tallan da nake biya aikinsa ya kawo mutum ya ajiye lambata, cinikin kuma daga baya.

Shadda kuma sai ka yi hankali da hoto. Kyamara tana ƙara wa kaya sheƙi, in ya isa hannun mai shi ya ga ba haka ba, a ƙarƙashin tallan naka zai zo ya zage ka kowa na gani. Ka ɗauki bidiyo da rana, ba tace launi. Masu mabiya da yawa da ake biya su tallata kaya kuma, ka duba masu yi musu sharhi kafin ka ba da kuɗi, wasu mabiyan sayensu aka yi.

Mai_Gabatarwa_FM
Ranka ya daɗe kada a ruɗe ka. Su waye masu sayen shadda da yawa? Dattawa, 'yan kasuwar ƙauye masu sari, iyayen amare. Waɗannan har gobe rediyo suke ji, a shago, a mota, a gona. Kuma ita kanta wayar da ake magana, ƙaramar mai tocila, akwai FM a cikinta, ba ta cin data ko kaɗan. Tun da Freedom ta buɗe a Kano a 2003 gidajen rediyo masu zaman kansu ƙaruwa suke yi a Arewa, da babu masu talla da tuni sun rufe. Sannan mutum in ya ji sunan shagonka a bakin mai gabatarwar da ya saba ji shekara da shekaru, yardar da zai ba ka daban ce da ta hoton da ya faɗo masa a Facebook tsakanin tallan 'yan damfara biyu. Yanzu ma yawancinmu muna haska shirye-shirye kai tsaye a Facebook, ka ga jifa ɗaya tsuntsu biyu.

Dan_Boko_BUK
Kowa dai gonarsa yake yaba. Mai rediyo, in Alhaji ya biya ku, ta yaya zai san mutum nawa suka ji? A waya lamba za a nuna masa.

Mai_Gabatarwa_FM
Lambar waɗanda hoton ya gifta ta gabansu suna neman inda za su danna su tsallake? Ya tambayi duk wanda ya shigo shago a ina ya ji labarinsa, wata ɗaya ya isa ya gane.

Bazamfara_Gusau
Ina goyon bayan mai rediyo ta wani ɓangare. A watan Satumbar 2021 da aka rufe layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro, duk wannan talabijin ɗin aljihu ya zama tocila. Masu kasuwanci a WhatsApp sai da wasu suka riƙa tafiya wata jiha don su duba saƙo. Rediyo da tauraron ɗan'adam ne suka rage. Wanda ya jingina komai nasa da waya ya tuna da wannan.

Gidan_Kallo_Tudun_Wada
Ku bar ƙwallo a gefe, nan waya ba ta kama ƙafarmu ba tukuna. Yara suna zuwa da manhajojin sata, su ce ba sai sun biya kuɗin shiga ba. Minti biyar hoto ya tsaya yana juyi, tallan caca ya rufe rabin fuska, kuma a makare yake zuwa. Sai an yi ihun ci a wurina, shi a wayarsa ba a ma buga kwanar ba. Abin da ke kashe mu ba waya ba ce, kuɗin dikoda ne da na fetur tun da aka cire tallafi a 2023.

Tsohon_Maaikaci_KD
Mai gidan kallo ya taɓo abin da ni na fi jin zafinsa, duk da na yabi waya a sama. Da akwati ɗaya ne, iyali wuri ɗaya suke zama, uba ya san abin da 'ya'yansa ke gani. Yanzu jikokina kowa ya toshe kunne ya shige lungu.

Maman_Ilham
Baba shi ya sa na dawo da kallo falo. Ina haɗa wayar da talabijin in an kawo wuta, kowa ya gani a babban allo. Ko ba komai in tallan banza ya faɗo ina wurin.

Dan_Zango_Kumasi
Gaisuwa daga Kumasi. Mu a zango da sai an jira wani ya zo daga Kano da faifai. Yanzu ranar da aka saki shiri ranar muke gani, yaranmu da Hausarsu ta fara gauraya da Twi suna tsintar ta Kano a ciki. Saboda wannan kaɗai ni na yafe tallan.

Amma akwai abin da ba ku ambata ba. Tun da Facebook ya fara biyan masu ɗora bidiyo a Najeriya da Ghana a 2024, ƙarya ta ƙaru. Kullum sai an kashe wani jarumi ko wani malami a rubuce, ka danna ka tarar ba komai. Tunda yawan kallo ke kawo talla, talla ke kawo kuɗi, wanda ya fi iya tayar da hankali shi ke ci.

Edita_Zoo_Road
Har a kanmu abin yake. Hoton gaba, wanda ake gani kafin a danna bidiyo, ka sa na mutunci ba a dannawa, ka sa mace tana kuka namiji ya ɗaga hannu sai ka ga an cika. Akwai furodusan da hoton gaba yake fara tambaya kafin ya tambayi labari.

Uwargida_Zariya
Mu koma kan data don Allah. Tun da aka yi ƙarin kuɗi ba ta kai mini ko'ina. Injiniya akwai dabara?

Injiniya_Sadik
Ƙarin da NCC ta amince da shi a watan Janairun 2025 ya kai kashi 50 cikin ɗari, dole ki ji a jikinki. Ki shiga saitin YouTube ki mayar da ingancin hoto 360p ko 240p, a fuskar waya bambancin ba shi da yawa, amma in kika bar shi ya zaɓa da kansa, da sabis ya yi ƙarfi zai haye sama ya kwashe datar. Ki kashe kunna-kai na bidiyo a Facebook da Instagram. Shirin da kika san za ki kalla, ki sauke shi a cikin manhajar da datar dare in layinki yana da ita. TikTok kuwa babu dabara sai rage zama, don kina kallon ɗaya yana sauke na gaba.

Dan_Maradi_227
Injiniya wanga 240p ai mu a kai muke tun fil azal, rezo ba ya barin mu wuce nan.

Mai_Shadda_Kwari
Edita, in mutum yana son a sa shagonsa cikin irin shirin naku, yaya ake yi? Kuma da a ɗauki hoton shagon a liƙa a tsakiya, da a sa jarumi ya saka shaddar a cikin labari, wanne ya fi?

Edita_Zoo_Road
Alhaji farashi ya danganta da girman tashar, da tsawon tallan, da inda za a sa shi. Na farkon shiri da na daidai inda labari ya ɗau zafi sun fi tsada, kuma yawanci zango guda ake ciniki ba fitowa ɗaya ba. Kafin ka biya ka ce a buɗe maka shafin lissafin tashar a gabanka, ka ga ƙasashe da garuruwan masu kallo da shekarunsu, kada ka tsaya a lambar da ke ƙarƙashin bidiyo. Ka kuma sa a rubuta yarjejeniya, har da abin da za a yi in shirin ya tsaya a hanya, don yana faruwa.

Ni a ganina na cikin labari ya fi wa mai shadda, saboda ba ya tsallakuwa kuma masu yanka fim su ɗora a TikTok ba sa iya cire shi. Sai dai ka tambayi rawar da jarumin zai taka tukuna. In mugun labarin ne zai saka ta, sunansa za a laƙaba wa shaddar a kasuwa.

Mai_Tura_Fim_09
Wannan ma ai ciniki ne Edita, matasa ta mugun suka fi nema. Alhaji in an gama a kawo mana mu tura.